Amfanin Dasa Lalle a Gonaki da Gidaje

Muna jawo hankalin manoma da jami'an ƙananan hukumomi ga muhimmancin dasa lalle a matsayin shinge. Itace ne mai jure fari, tsawonsa kan kai mita 2 zuwa 6, furanninsa kuwa ƙanana ne masu daɗin ƙamshi. Ana shuka irinsa bayan an jiƙa shi na 'yan kwanaki, ko a dasa reshensa da faɗuwar damina, a wurin da ruwa ba ya kwanciya. Datse rassa a kai a kai na ƙara toho, kuma sabon ganye ya fi kamu. A shanya ganyen a inuwa kafin a kai kasuwa. Muna kuma gargaɗin iyaye da kada su sa wa jarirai lalle, domin yakan fasa ƙwayoyin jinin wasunsu.