Ko Kun Sani? Dandalin da Ke Girgiza Mulki a Yukren

Ko kun san sau uku cikin shekara 24 mutanen Yukren suka cika wani dandali a tsakiyar birnin Kiyev har mahukunta suka ja da baya? Maidan ake kiransa yanzu, kalmar da Larabawa ma ke amfani da ita, wato fili.

A watan Oktoban 1990, tun ƙasar na cikin Tarayyar Sobiyet, ɗalibai suka kafa tantuna a wurin suna yajin cin abinci, har Firaminista Vitaliy Masol ya sauka. A 2004 kuma boren maguɗin zaɓe ya kai kotun ƙoli ta soke zagaye na biyu, aka sake kaɗa ƙuri'a ranar 26 ga Disamba.

Wanda ya fi tsanani shi ne na 2013 zuwa 2014. Wata uku cur mutane na kwana a waje cikin dusar ƙanƙara, wasu na dafa miya da shayi kyauta, likitoci na aikin sa kai. An kashe sama da mutum 100, rashin da har yau ke sosa zuciya, kafin Shugaba Viktor Yanukovych ya tsere Rasha a Fabrairun 2014.