Sef Na Kanti Ko Na Mai Walda: Wanne Ya Fi Tsare Bindigar Farauta Da Takardu A Gida?

Duk wanda ya san Kafanchan ya san abin da wuta ta yi wa babbar kasuwar garin a rikicin bayan zaɓen 2011. Kaya sun ƙone, takardun shago da littattafan bashi ma sun bi su. Tun daga nan babana, wanda fataucin shanu ne sana'arsa, ya ce takardar gida ba ta ƙara kwana a ƙarƙashin katifa. Maƙwabcinmu kuwa mafarauci ne, damuwarsa kada yara su kai hannu ga bindigarsa. Dukkansu abu ɗaya suka nema: akwatin ƙarfe, wato sef.

Da farko dai a san doka. A Najeriya ba a riƙe bindiga sai da lasisi. Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, kwamishinan 'yan sanda ne ke da ikon ba da izininta. Ta farauta mai harsashi kuma Sufeto Janar. Doka ta ɗora wa mai lasisi nauyin adana ta, in ta ɓata ko an sace ya kai rahoto. Wanda ba shi da takarda, sef ba zai wanke shi ba.

To, a kasuwa iri biyu ne: na kanti da ake shigowa da shi daga waje, da wanda mai walda zai ƙera maka.

Abu na farko shi ne kaurin ƙarfe. Da yawa daga masu arha na kanti fenti ne ke ruɗin mutum, jikinsu bai kai milimita 2 ba, da guntun rodi ana iya ɓanɓare ƙofar. Mai walda kuwa kai za ka zaɓi faranti, ka ce a sa maka milimita 4 ko 5. A nan na gida ya fi.

Na biyu, ƙofa da makulli. Nan ne mai walda ke faɗuwa, don yawanci kwado yake rataya wa a waje, kwado kuwa ba ya jure guduma. Sef mai kyau sakatunsa a ciki suke, suna shiga bango ta gefe da sama da ƙasa. In za ka ba da aiki, ka ce a yi wa kwadon rumfar ƙarfe, a kuma sa sakata ta ɓangaren hinji. Mai lambobi da batir yana da saurin buɗewa, amma kar ka ajiye makullin ko-ta-kwana a cikinsa.

Na uku, wuta. Ƙarfe ba ya ci, amma yana ɗaukar zafi ya gasa abin da ke ciki. Masu jure wuta suna da shafe na musamman tsakanin bango biyu. In ka ga tambarin UL 350, ana nufin an gwada shi cikinsa bai wuce digiri 177 na ma'aunin Salsiyos ba na tsawon lokacin da aka rubuta, misali awa ɗaya. Wannan kam na kanti ne kaɗai ke da shi.

Na huɗu, kafawa. Sef ɗin da mutum biyu za su iya ɗauka, ai ka haɗa wa ɓarawo kaya wuri ɗaya ke nan. A ɗaure shi da noti a kankaren ƙasa ko bangon bulo, a lungun da baƙo ba ya shiga.

Sai danshi. Daminar kudancin Kaduna tana da tsawo, ku da ke Agege, Sabo ta Ibadan ko Lokpanta ma kun fi mu sani. Tsatsa tana cin bindiga, takarda tana fumfuna. A shafa wa ƙarfe mai, takardu a sa a leda, a riƙa buɗewa yana shan iska.

Shawarata: in don bindiga ne, a yi dogon akwati mai kauri wajen mai walda, a ajiye ta babu komai a ciki, harsashi ko albarushi a wani wurin daban, makulli a jikin maigida. In don takardu ne, a sayi ƙarami mai jure wuta. Kuɗin shanu kuwa a kai banki, sef ba ya hana a tsare mutum a ce ya buɗe.

Allah ya tsare mu da iyalanmu, amin.