Abincin Matafiyi Musulmi Da Sallarsa A Lardin Siyang Kwang Na Ƙasar Lawos

 Sanin kowa ne fataucin mutanenmu ya kai Sin da Tailan, ma'aikatan gwamnati kuma akan tura su taro ko kwas a wannan nahiya. A tsakanin ƙasashen nan biyu akwai wata ƙasa wadda ba ta da bakin teku, ana ce da ita Lawos. Mutanenta sun haura miliyan 7, kimanin kashi biyu cikin uku suna bin addinin Buda, mafi yawan sauran kuwa suna bautar iskoki da kakanni. Musulmi ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma galibinsu suna babban birni, watau Biyantiyan, inda masallatansu suke. To, wanda ya bar birnin nan ya nufi ƙauye, me zai ci, kuma yaya zai yi salla?

Bari mu ɗauki lardin Siyang Kwang misali, wanda hedkwatarsa ita ce Fonsawan. Jirgin ƙasan da aka buɗe a shekarar 2021 tsakanin Biyantiyan da iyakar Sin bai bi ta can ba. Mai tafiya ta ƙasa sai ya hau mota ya bi hanya mai lamba 13 ya yi arewa har mararrabar Fu Kun, sa'an nan ya karkata gabas ta hanya mai lamba 7. Tafiyar wajen kilomita 400 ce, amma takan ci awa 10 ko fiye, don hanyar duk kwana-kwana ce a kan duwatsu, da damina kuma ƙasa kan zaftaro ta tare ta. Direba yakan tsaya a rumfunan abinci na bakin hanya, a nan ne fa matsalar take.

Da yawa daga cikinmu suna zaton in dai an kauce wa alade, shi ke nan. Wannan kuskure ne babba. Aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana yankan Ahlul Kitabi ne, watau Yahudu da Nasara, mabiya Buda da masu bautar iskoki kuwa ba sa cikinsu. Saboda haka kazar da suka yanka, da saniya, da ɓauna, duk hukuncinsu hukuncin mushe ne, ko da an yanka su ta maƙogwaro, kuma yin bisimilla wajen ci ba ya halatta su. Gaskiya ne akwai Kirista kaɗan a cikin ƙabilun duwatsu, amma baƙo ba zai ɗora hukuncin naman kasuwa a kansu ba, don ana bin rinjaye ne. Haka naman dajin da ake kasawa a kasuwar Fonsawan, irin su kurege da tsuntsaye, har da tsattsewar da ake tsimawa a tulu wadda lardin ya shahara da ita.

Abincin da suka fi alfahari da shi sunansa lap: nama ne ake daddatsawa a haɗa da garin soyayyiyar shinkafa da lemun tsami da na'ana'a, wani lokaci ɗanye, wasu har su zuba masa ruwan maɗaciya. Suna da wani kuma na jinin agwagwa, wanda haramcinsa a fili yake. Abin da ya fi ruɗar baƙo shi ne taliyarsu ta romo. Sai mutum ya ce kada a sa masa nama, a miƙo masa kwano ba ko tsoka ɗaya, alhali da ƙashi aka dafa romon, sau da yawa ma na alade. Tsame nama ba ya tsarkake romo. A kula kuma da dafaffen ƙwai, don akwai irin wanda ake sayarwa da ɗan tsako a ciki, shi ma mushe ne.

Amma fa kada mai karatu ya ce ashe yunwa za ta kashe shi. Tushen abincin mutanen Lawos shinkafa ce mai danƙo, da tururin ruwa kaɗai ake turara ta, ba mai ba romo, a kawo ta cikin ɗan kwando mai murfi. Da hannu ake curawa a dangwala, yadda Bahaushe ke yi da tuwo. Akwai wadda ake gasawa cikin gora da madarar kwakwa, takan yi guzurin yini. Ga ayaba, ga gwanda, ga masara da dankali gasassu. Sa'an nan ga kifi, wanda ba ya bukatar yanka, kuma a mazhabar Imamu Malik ana cinsa ko wane ne ya kama shi. Gasasshen kifi da shinkafa ya ishi matafiyi. Sai dai ya guji ɗanyen kifi, domin likitoci sun tabbatar yana ɗauke da wata tsutsa mai shiga hanta, wadda kan jawo ciwon daji.

Suna da wani abin ɗanɗano da suke kira padek, kifi ne da gishiri da dusar shinkafa ake tsimawa watanni, matsayinsa a girkinsu kamar daddawa a namu. Malaman Misira sun yi saɓani a kan irinsa, watau fasikh, saboda jinin kifin da ke cuɗanya a ciki, amma Shaihu Ahmadud Dardir ya tafi a kan cewa mai tsarki ne, ni ma abin da na fi natsuwa da shi ke nan. Tunda waɗannan duka suna samuwa, babu wanda zai fake da hukuncin lalura ya ci mushe a hanyar Fonsawan. Lalura tsoron halaka ce, marmarin nama bai kai nan ba.

Kalmomi biyu za su yi wa baƙo amfani. "Bo kin mu" ma'anarsa ba na cin alade (mu a harshensu alade ne, sai a yi hattara), "bo sai sin" kuma kada a sa nama. Mutanen ƙauye masu karamci ne, sukan tari baƙo da giyar shinkafa mai suna lawo-lawo, kuma sukan yi wani biki na ɗaura zare a wuyan hannu don kiran kurwa ta dawo jiki. Musulmi ba zai sha ba, ba kuma zai miƙa hannu ba, amma ya ƙi da fara'a da godiya, ya ci shinkafarsu da ayabarsu, kada ya wulakanta wanda ya karrama shi.

Batun salla kuwa, tafiyar ta zarce buridi 4, watau mil 48, saboda haka matafiyi zai yi ƙasaru har sai ya yi niyyar zaman kwana 4. Idan rana ta karkata yana sauke, kuma ya san ba zai sake sauka ba sai bayan faɗuwarta, ya jawo la'asar ya haɗa da azahar. Idan ta karkata yana cikin mota, zai kuwa sauka kafin ta yi fatsi-fatsi, ya jinkirta azahar zuwa saukarsa. Ya tuna kuma alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, in ba a lura ba sai mutum ya ba Ka'aba baya.

Saura wurin da za a yi sallar. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun zuba wa Lawos bama-bamai fiye da tan miliyan 2, kuma Siyang Kwang yana cikin lardunan da suka fi shan wuta. An ƙiyasta ƙananan bama-bamai miliyan 80 ba su fashe ba, kowanne bai wuce girman lemo ba, da yawansu suna nan binne a gonaki da ciyayi, har yau suna kashe manoma da yara. Ko a Filin Tuluna, wurin manyan tulunan dutse na mutanen dā, an kafa alamu fari da ja: gefen fari an share, gefen ja ba a share ba. Al'adarmu ce idan mota ta tsaya mutum ya ɗauki buta ya ratse cikin daji don kama ruwa, ya nemi gindin itace ya shimfiɗa buzu. A wannan lardi yin haka jefa kai ne ga halaka, shari'a kuwa ta hana. Sai ya kama ruwa a bayan gidan rumfar abinci, ya yi sallarsa a dandalin da ƙafafun mutane suka tattake, idan kuwa taimama ta kama shi, ya buga hannu a kan ƙasar dandalin nan, kada ya tono dutse daga cikin ciyawa.