Shin Ko Kun San? 'Yar Ƙwaƙwalwar Da Ke Cikin Akwatin Famfon Sola

Shin ko kun san cewa akwatin da ke sarrafa famfon sola, irin wanda manoman rani ke jan ruwa da shi, yana ɗauke da wata 'yar na'ura da ba ta wuce farcen babban yatsa ba? Ita ce maikurokontirola. Ita ke auna wutar da rana ta bayar, ta tayar da famfo, ta kashe shi in ruwa ya ƙafe.

Ko kun san sa'ar dam ɗin Tiga ce? A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala dam ɗin da ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. A shekarar ce kuma kamfanin Texas Instruments na Amurka ya kai TMS1000 kasuwa, ɗaya daga cikin maikurokontirola na farko-farko.

Ko kun san a da, in za a sauya mata umarni, sai an zare ta daga fanel, wato allon da aka dasa ta a kai a cikin akwatin? Masu goguwa a cikinsu suna da 'yar taga a gadon baya, a haska musu wata fitila ta musamman, a zauna jira na mintuna. A 1993 kamfanin Microchip ya fito da PIC16C84, wadda ake gogewa da wutar lantarki, a sake rubuta mata tana nan zaune a fanel, ba a narka dalma ba.

To, ko kun san wannan sauƙi bai samuwa sai mai zana fanel ya bar masa ƙofa tun farko? Tsarin JTAG, ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙofofi, da aka tabbatar a 1990, wayoyin saƙo 4 yake so. Na SWD, 2 kacal. Fanel ɗin da ake kira Arduino Uno kuwa tsinke 6 aka tanadar masa. A nan masu rowar wuri ke yin ɓarna. Sai a ɗauki ƙafar da ake rubutu ta cikinta a haɗa da makunnin famfo, ana cikin loda umarni famfo ya riƙa tashi yana mutuwa. Ko a liƙa mata babbar kwandensa, saƙo ya riƙa isa a makare, rubutu ya ƙi shiga. Tsofaffin PIC ma sai an ba ƙafa ɗaya wajen bolt 13, wutar da in ta ɓalle cikin sauran kayan da ke aiki da bolt 5, sai dai a ji ƙauri.

Ko kun san mai neman matsala yana iya tsayar da ita cak a tsakiyar aiki ya leƙa cikinta? Sai dai famfo bai san an tsaya ba. In a kunne aka bar shi, haka zai yi ta ambaliya, kamar an buɗe ƙofar kanal mai gadi ya tafi kasuwar Kura.

Ko kun san maikurokontirolar ATmega328P ta cikin Arduino Uno tana jure gogewa da sake rubutu har sau 10,000?

Kamfanoni kuma sukan kulle umarninsu don kada a kwafa, kuma a yawancinsu kullen bai buɗuwa sai an goge komai. Shi ya sa ƙwararren mai gyara a Sabon Gari zai juya akwatin, ya ce maka, "Alhaji, sai dai a canza fanel."