GININ GIDA A ƘASAR DUWATSU

A ƙasar Adar, wajen Keita da Buza, da cikin Abzin, wajen Timiya da Iferwan, garuruwa da yawa suna zaune a gindin dutsi. Mai gidan da zai gina wa iyalinsa sabon gida a irin wannan wuri yakan fara da tambayar kuɗin siminti da kwano. Ba nan ya kamata ya fara ba. Abu na fari shi ne ya san hanyar ruwa.

Dutsi ba ya shan ruwa. In an yi ruwan sama, duk sai ya gangaro gaba ɗaya, da ƙarfi, ɗauke da yashi da tsakuwa. Ƙoramar da ta daɗe a bushe tana iya cika a dare ɗaya. A watan Satumba na shekarar 2009, ruwan da ya sauko daga Abzin ta ƙoramar Telwa ya rusa gidaje masu yawa a Agadas. Saboda haka, kafin a aza tubali, sai a tambayi tsofaffin gari inda ruwa ya taɓa kaiwa. Su ne suka ga manyan damuna. Kada kuma a yi gini a ƙarƙashin babban dutsin da ke iya mirginowa.

In wurin gangare ne, sai a sare shi a daidaita. A aza ginin a kan ƙasa mai tauri da aka sare, ba a kan wadda aka zuba ba, don ita takan zauna, bango ya tsage. A bayan gida, ta wajen tudu, a haƙa lambatu a jera masa duwatsu, ya karkatar da ruwa. Amma fa kada a juya shi gidan maƙwabci! Tushen gini a yi shi da dutsi, tun da ga shi nan kyauta. Ya ɗaga sama da ƙasa kamar kamu ɗaya, sa'an nan a ɗora tubalin ƙasa.

Hadari daga gabas yake tasowa. Iskar hunturu ma daga gabas maso arewa take busowa. Shi ya sa ƙofar ɗaki ta fi kyau ta dubi yamma ko kudu. Sanyi kuma ya fi tsanani a bisa. Dutsin Bagzan ya wuce mita 2000, daren hunturu a can ba wasa ba ne. Bango mai kauri yana riƙe ɗumin rana har dare, da bazara kuma ɗaki ya yi sanyi. Kwano ba ya yin haka. Da rana zafi, da dare ɗari, ga tsada.

Rufi shi ne babbar wahala, don azara ta yi wuya. Giginya da goriba sun ragu. Akwai dabarar da ba ta bukatar icce ko ɗaya. Ana rufa ɗaki da ƙananan tubala, a jera su su tanƙwaru kamar baka ko tulluwa. Asalinta daga ƙasar Nuba ne, a kudancin Masar. An fara gwada ta a Nijar a shekarar 1980 a Cikal, kusa da Filinge, daga baya aka koya wa magina a Iferwan. Sai dai aikin wanda ya koya ne. Nauyin rufin yana tura bango waje, in bangon bai yi kauri ba sai ya buɗe. Indararo kuma ya zama dogo, ya zuba ruwa nesa da gindin bango.

Tun ranar awo, a tuna iyali ƙaruwa suke yi. A bar filin ɗakin da za a ƙara gaba. Uwargida ma a ji ta bakinta, ita ta san inda madafa da randa za su zauna. Garken dabbobi da salga su kasance ta wajen gangare, ƙasa da ɗakuna. Tsakanin salga da rijiya a bar mita 30.

Kowace shekara, kafin ruwan fari, a sake yaɓen rufi da na bangon gabas, a kwashe yashin da ya cika lambatu.