Yadda madaba'ar gwamnatin Amurka ta tsira daga durƙushewa

Raguwar amfani da takarda da tsadar aika wasiƙa sun jefa hukumomin da ke da madaba'a ta kansu cikin tsaka-mai-wuya: ko dai su ci gaba da ɗaukar nauyin injuna da ma'aikata, ko kuma su miƙa aikin ga 'yan kasuwa.

A Amurka, kuɗin kan sarki na wasiƙa ya tashi daga santi 34 a shekarar 2001 zuwa santi 73 a 2024.

Madaba'ar gwamnatin ƙasar, wato GPO, wadda ta fara aiki a 1861, na da ma'aikata kimanin 8,000 a shekarun 1970, amma yanzu ba su kai 2,000 ba.

Dabarar da ta bi ita ce raba aikin gida biyu. Ta riƙe ayyukan da ke buƙatar sirri ko gaggawa, kamar fasfo da kundin muhawarar majalisar dokoki, wanda ake bugawa cikin dare domin 'yan majalisa su same shi washegari.

Sauran ayyukan kuwa, akasarinsu tana bayar da kwangilarsu ne ga kamfanoni masu zaman kansu, bayan sun yi takarar farashi.

Tun a 1994 ta fara sanya takardun gwamnati a intanet, lamarin da ya rage yawan kwafin da take bugawa da kuma wanda take aikawa ta gidan waya.

A 2014 ne majalisar ta sauya mata suna, daga ofishin buga takardu zuwa ofishin wallafa bayanan gwamnati.