Gayyar kachalla a bakin Marma

A ƙauyukan da ke bin hanyar ruwan Marma, tun daga ƙasar Kirikasamma da Guri a Jihar Jigawa har tafkin Nguru a Jihar Yobe, akwai wani aiki da ba noma ba ne, ba su ba ne, amma in ba a yi shi ba, babu noman babu sun. Shi ne yankan kachalla, doguwar ciyawar da ke toshe hanyar ruwan.

Bulama ko mai unguwa ke sa rana, mai shela ya zaga gari. Da an idar da sallar asuba sai maza su fito da lauje da adda, wasu a kwalekwale, wasu a ƙafa. Ruwan yakan kai ƙugu, wani wurin har ƙirji, kachallar kuma ta ninka tsawon mutum, har na gaba ba ya ganin na baya sai dai ya ji muryarsa. Dattawa suna nanata wa samari cewa a yanke ta a ƙarƙashin ruwa. Dalili kuwa shi ne ta ganye take kai iska ga saiwarta, don haka in ruwa ya rufe kututturen sai ta shaƙe. Wanda ya sare ta daga sama aski kawai ya yi mata. Masu yanka na gaba, masu ja suna biye, suna tura tulin zuwa gaɓa don kada ya koma ya toshe inda aka buɗe. Ganyen yana tsaga hannu, matsattsaku suna maƙale wa ƙafa, ga fargabar maciji, ga tsargiya da ke bin wanda ya daɗe cikin ruwan da ba ya gudu. Babu mai biyan kowa ko sisi. Abin da ake samu shi ne kunu da tuwon da aka aiko daga gidaje, da "sannunku da aiki" daga bakin masu wucewa.

Ba a wajen nan matsalar ta faro ba. A da, kogin Haɗeja, wanda ke ba Marma ruwa, yakan cika da damina ya malale fadamu, da rani kuma ya janye, ƙasa ta bushe ta tsattsage. Wannan bushewar ce ke hana kachalla sakewa. Sai aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, a kan kogunan da ke ba shi ruwa, domin noman rani da ruwan shan birnin Kano. Tun daga nan babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa ta ragu, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, shi ne abin da kachalla ke so. Kai ɗaya nata yana ɗauke da iri fiye da dubu ɗari da iska ke watsawa, saiwarta kuma tana tafiya ta ƙarƙashin laka. Ta riƙe yashi, yashi ya cike hanya, ruwa ya rasa mafita. Ta haka hanyoyi irin su Burum Gana suka toshe: wasu garuruwan gonakinsu suka nutse shekara da shekaru, na ƙasa wajen Gashuwa kuma rabonsu na ruwan Haɗeja ya ragu.

Masunci ya rasa inda zai jefa birgi. Makiyayi ya tarar da burtalin da ke kai shanu mashaya ya zama duhuwa. Manomin shinkafa kuwa ya samu maƙwabcin da bai gayyata ba, domin a cikin kachalla tsuntsun nan jan-baki ke kwana yana hayayyafa, gari na wayewa ya sauka a gona, yara su yini suna ihu da kaɗa gwangwani maimakon zuwa makaranta. Duk wannan a dausayin da aka sa cikin jerin Ramsar na muhimman dausayoyin duniya a shekarar 2000, inda tsuntsaye daga Turai ke zuwa cin rani.

Gwamnati ba ta naɗe hannu gaba ɗaya ba. Jigawa ta sayo motocin yashe kogi masu tafiya a kan ruwa, masana kuma sun gwada mayar da kachalla iskar girki da abincin dabbobi. A kogin Senegal, inda madatsar Diama ta 1986 ta haifar da irin wannan mamaya, ana yin gawayi da ita. Duka abin so ne. Sai dai mota babbar hanya take buɗewa. Ƙananan rassan da ke kai ruwa gonar talaka har yanzu lauje ke buɗe su, kuma bayan 'yan watanni sai an sake komawa.

Abin da ke damuna shi ne mutanen da ke shiga ruwan nan ba su da ta cewa a kan ranar da za a buɗe ƙofofin Tiga da Challawa ko a rufe su. Wannan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai ƙarfi da damina, a bar kogin ya sha iska na wasu makonni da rani. Yin hakan zai taɓa masu noman rani na Kadawa da Auyo, shi ya sa tilas a zauna da su, da bulamomin Marma, a tsara kalandar sakin ruwan tare.